Karyar Yaya da Hannun Alƙali

A gidanmu na unguwar Ƙurban, a Madina, Yaya ne mai raba nama ranar Juma'a. Tun rasuwar mahaifinmu haka abin yake. In an sauko daga masallaci, mu mazan gidan sai mu taru a falon Inna, a shimfiɗa leda a ƙasa, a dire babban farantin shinkafa da nama a kai, Yaya ya naɗe hannun riga ya dinga yagar naman yana tura wa kowa rabonsa. Inna ba ta ci tare da mu, amma tana nan kan kujerarta tana kallon hannun kowa. Kakanninmu a ƙafa suka zo daga ƙasar Kano, mu kuwa duk a Madina aka haife mu, takardunmu na nan ne, amma a falon nan dokar Inna ce ke aiki, kuma da Hausa take yanke ta.

Shekarar da Yaya ya yi ritaya, wani abokin aikinsa Balarabe, mutumin ƙauyukan hanyar Khaibar, ya ba shi kyautar 'yar kwikwiyo. Salugi ce, wato karen farautar Larabawa, siriri mai dogayen ƙafafu, wanda masu shi ba sa yarda a haɗa shi da sauran karnuka ko a baki. Abokin nan da sauran masu salugi suna da majalisa a wata rumfa bayan gari, inda suke shan gahawa suna musun wane kare ya fi wane gudu. Yaya ya yi shekara da shekaru yana zuwa wurin. A bakin tabarma yake zama, shi ke zuba gahawa, in ya sa baki a hira sai a yi kamar iska ce ta wuce. Na raka shi sau biyu na ce ba zan ƙara ba, domin ni ba na iya yi wa mutum dariyar dole. Da aka miƙa masa kwikwiyon nan, a ransa gani ya yi an matsa masa wuri a tsakiyar tabarma.

Inna ba ta yi faɗa ba. Ta bar shi ya gama dogon bayaninsa, cewa karen farauta halal ne a ajiye, cewa malaman mazhabarmu ma ba su ɗauki jikin kare najasa ba, har da kawo misalin wani limami da ya taɓa sani. Da ya numfasa sai ta ce ita ba ta ja da malamai, amma ita ke da faranti.

“Hannun da ya taɓa kare ba zai shiga abincina ba,” in ji ta. “Halas, magana ta ƙare. Ka zaɓa.”

Mutumin da ya haura hamsin, mai jikoki, ya sunkuyar da kai ya ce ya ji. Ba zai rabu da karya ba, ba kuma zai bar ƙanensa ya karɓi rabon nama a gaban idonsa ba. Sai ya samo wa kansa hanya ta uku, wadda duk duniya ba na jin akwai wanda zai yi tunaninta in ba ɗan gidanmu ba: zai raini karya ba tare da ya taɓa ta ba.

Yana da 'yar gonar dabino can gaba da unguwar Ranuna, da wani mai ban ruwa mutumin Nijar da takardar zamansa ke ƙarƙashin sunansa. A nan ya yi mata ɗaki na waya da rufin kwano, har da fanka. Mai ban ruwan ya gaya masa tun ranar farko cewa shi bai tsallake teku don hidimar kare ba, Yaya ya ce ai ba wanda ya roƙe shi. Kullum da la'asar shi da kansa yake zuwa. Abinci da ƙafa yake tura mata kwano. Wanka da tiyo yake yi mata daga nesa. Ya ɗaure burushi a bakin doguwar sanda yana taje mata gashin kunne da na wutsiya. Igiyar wuya ma ya ƙware wajen zura mata ita da zarɓar dabino, ya ja ta zarge, ko gashinta ɗaya bai shafa ba.

Kwikwiyo kuwa kowa ya san halinsa, lasa yake so. Duk lokacin da ta miƙo baki wajen hannunsa, sai ya ɗan tsula mata zarɓar a hanci. Ba da ƙarfi ba, in ji shi, don dai ta gane. Ta kuwa gane. Kafin ta shekara ta zama karyar da ba ta kusantar ɗan Adam fiye da tsawon hannu. In ka matso ta ja baya taki ɗaya, in ka tsaya ta tsaya, in ka ɗaga hannu ta sunkuyar da kai ta lumshe ido tana jiran abin da zai sauka. Yaya yana alfahari da wannan ƙwarai. Yakan ce a nuna masa wani kare a duk ƙasar Hijaz da ya san tsarki kamar tasa.

Ni ba na son kare, har yau ba na so, amma ƙarya ne in ce ba ta da kyau. Launin ƙasa-ƙasa ce mai haske, ƙirji zurfi, ciki a ɗame, kunnuwa da gashi mai laushi kamar gezar mayafi. Kuma da Hausa yake mata magana. “Zo nan, 'yata.” “Tsaya.” “Hau mota.” 'Ya'yansa na cikinsa in ya yi musu Hausa da Larabci suke amsawa, wani lokaci ma ba sa ɗago kai daga waya. Na sha tsokanarsa cewa a duk zuriyarsa karyar nan ce kaɗai ta riƙe harshen kakanni. A gida 'yar lelen Yaya muke kiranta, matan gidan in sun ga ya tashi da la'asar sai su ce a gaishe ta.

A hunturun shekararta ta biyu aka ce za a yi gasar kyau ta salugi a wani fili a hanyar Khaibar. Tsere an saba yi, amma wannan sabon abu ne a wajenmu: ba gudu kaɗai za a duba ba, ƙira za a duba, an ma ɗauko alƙali daga wajen gabas. Yaya ya rikice. Ya kai ta asibitin dabbobi aka yi mata allurai, aka dasa mata ɗan abin nan na shaida a ƙarƙashin fatar wuya, domin ba a shigar da kare sai da shi. Mutum biyu suka ɗaure mata baki suka danne ta, shi yana waje yana jin kukanta yana lissafin inda zai ajiye kofin gasa. Mutanen majalisa sun san yadda yake rainonta sarai, sun sha zuwa gonar sun gan shi da zarɓarsa, har suna da sunan da suke kiransa da shi a bayan idonsa. Su suka fi kowa zuga shi. Suka ce irin wannan karya haramun ne a ɓoye ta.

Juma'ar da ta gabaci gasar, a kan faranti, bakin Yaya bai huta ba. Inna ta saurara ta saurara, sannan ta tambaya ko in karyar ta ci za a ba ta kujerar Hajji ne. Kowa ya fashe da dariya, har yaran da ke yi kamar ba sa jin Hausa. Ƙanenmu ya ce shi abin da yake tsoro kar a ba Yaya na ɗaya a bar karyar. Fuskar Yaya ta haɗe. Ya ajiye ƙashin da ke hannunsa.

“Wallahil azim,” ya ce, “in ba ta ɗauko komai ba, ba za ta sake kwana a gonata ba. Harra zan kai ta in bar ta.”

Harra ita ce dajin baƙaƙen duwatsun da ke kewaye da Madina, ba ruwa ba inuwa, ko akuya sai da makiyayi take shigarsa. Inna ta ce ita dai ba ta sa kowa rantsuwa ba. Ni kuwa na tambaye shi ko da zarɓa zai kora ta har can, aka sake yin dariya. Haka muke a gidanmu, in mun sami mutum a ƙasa ba ma ɗaga ƙafa.

Ranar gasa na bi shi, don in ga ƙarshen abin. Muka ɗauki motarsa mai buɗaɗɗen baya, karya da mai ban ruwa a baya da jarkar ruwa, mu a gaba. Filin an kewaye shi da igiya, an kafa tantuna, an shimfiɗa darduma a jere ga manyan baƙi. A ƙofa likita ke tsaye da wata 'yar na'ura, yana goga ta a wuyan kowane kare ya duba takardar allura, sannan a ba mai shi lamba ya ɗaura a damtse. Da aka zo kan tamu ta ja baya, likitan ya miƙa na'urar daga nesa ta yi ƙara, ya ce mu wuce. Yaya ya dube ni kamar an riga an ba shi kofin.

Wani dattijo da muka zauna kusa da shi ya yi mini bayanin tsarin, domin ya ga ban san komai ba. An raba karnukan gida biyu, masu gashi a kunne da wutsiya daban, masu sulɓin jiki daban. Kowane gida kuma maza daban, mata daban, ƙanana daban. A kowane rukuni za a fitar da na ɗaya zuwa na uku, sannan na ɗayan kowane rukuni su haɗu da yamma a zaɓi gwarzon rana. Ya ce alƙali ba kare da kare yake gwadawa ba. Akwai siffar cikakken salugi da masana suka yi ittifaƙi a kanta, ita ce a kansa, kowane kare da ita ake auna shi, wanda ya fi kusa da ita shi ya ci. Shi ya sa, in ji shi, za ka ga kare ya burge duk fili amma alƙali ya wuce shi ko waiwaye babu.

Aka fara da maza masu sulɓi. Suka shigo a layi, kowane da mai shi a gefe, suka zagaya fili da sassarfa, suka tsaya. Alƙalin wani tsoho ne gajere mai jan gemu, ba ya murmushi, yana tafe mutum biyu na binsa da allon rubutu. Ya tsaya gaban kare na farko ya dube shi daga nesa, ta gefe, ta gaba, ta baya. Sannan ya naɗe hannun rigarsa.

Ya fara miƙa wa karen bayan hannu ya shinshina. Ya tallabi haɓarsa ya dubi ido. Ya sa babban yatsa ya ɗage leɓe, ya buɗe baki, ya leƙa yadda haƙoran sama suka hau na ƙasa. Ya ja kunne gaba ya ga inda ya kai. Ya bi wuya da tafi biyu har kafaɗa, ya zura hannu ƙarƙashin ƙirji, ya shafi haƙarƙari, ya ɗora yatsu tsakanin ƙasusuwan ƙugu. Ya ɗaga dagi ya duba. Ya kama wutsiya ya zura ta tsakanin cinyoyi ya jawo ta sama ya ga tsawonta. Duk wannan karen na tsaye kamar an dasa shi, har wani hamma ya yi. Dattijon ya raɗa mini cewa tsayuwar nan ma maki ce, domin salugi na asali ba ya tsoron mutum. Wanda ya ƙi hannu fitar da shi ake yi, wanda ya yi cizo kuwa ba a ma rubuta shi. Sai waɗanda suka wuce hannu ake kai su dogon fili a sake su a ga gudunsu.

Na juya na dubi Yaya. Kofin gahawa na hannunsa, bakinsa a ɗan buɗe. A 'yan hotunan da yake kallo a waya, zagaye da miƙa kofi kawai ake nunawa. Can gefe na hango mutanen majalisa, wanda ya ba shi karyar na tsakiyarsu, ba fili suke kallo ba, Yaya suke kallo, ɗaya ya rufe baki da gefen rawaninsa. A lokacin na gane dalilin zugar, kuma raina ya ɓaci. Ɗan uwana ne. Ni ina da ikon yi masa dariya, su ba su da shi.

Rukunin mata masu gashi sai bayan azahar, saboda haka akwai lokaci. Yaya ya ja karyar bayan tantuna, inda aka ajiye motoci, ya kira mai ban ruwa ya ce ya buɗe mata baki, ya shafa ta, ta saba kafin a kira su. Mutumin ya ce, “Alhaji, ka yi mini rai.” Yaya ya tambaye shi da sunan wa ake sabunta masa iƙama, wato takardar zamansa a ƙasar. Mutumin ya miƙa wuya. Ya zaro safar hannu ta aikin dabino, mai kauri mai ƙaya-ƙaya, ya sa, ya kawar da fuska kamar wanda zai kwashe mushe, ya cafki karyar a wuya. Ta yi wani irin kuka siriri, ta murɗe, ta faɗi, ya danne ta da gwiwa yana ƙoƙarin ɓare mata muƙamuƙi. Yaya na tsaye hannuwansa biyu a baya yana ba da umarni, kama nan, a'a ba nan ba, a hankali mana.

Na ce masa ya bar wahalar da bawan Allah. Na ce, kai ta sani, muryarka ta sani, tsuguna ka shafa ta da hannunka, in ya so ka wanke sau bakwai ko sau saba'in, Inna tana Ƙurban ba ta ganinka. Ya dube ni tun daga sama har ƙasa.

“Kai ne na farkon da zai kai mata labari,” ya ce.

Na yi dariya, domin gaskiya ya faɗa. Da na riƙe maganar har Juma'a, in sake ta daidai lokacin da ya miƙa hannu cikin faranti. Ya san ni, na san shi. Haka muka tsaya muna harara, karya na karkarwa a ƙarƙashin mota, mai ban ruwa na zuba ruwan jarka a hannu ta saman safar.

Da aka kira rukuninsu ya shiga fili da lamba a damtse, ya bar zarɓa a mota don kunya. Zagayen farko sai da filin ya yi tsit. Sauran karnukan tafiya suke yi, ita kuwa kamar ƙasa ce ke tura ta, kai a ɗage, gashin kunne na tashi. Na ji ana ta Masha Allah daga darduma zuwa darduma. Tsohon alƙalin ya bi ta da ido har ta kammala, sannan ya nuna wa Yaya ya fito da ita gaban layi. Dattijon da ke kusa da ni ya taɓa ni ya ce wannan alama ce, a ido ta riga ta ci. Ban taɓa ganin Yaya da tsawo kamar lokacin nan ba.

Alƙali ya matso ya miƙa bayan hannu. Ta ja baya taki ɗaya, cikin ladabi, kamar yadda aka koya mata. Ya matso, ta sake ja. Tsohon ya tsuguna, da tsufansa da farar rigarsa, ya yi mata 'yar murya, ya bar hannun a ƙasa yana jira. Ta dubi Yaya. Na tabbata da ya ce “tsaya, 'yata” yadda yake faɗa a gona, ko ba ta yarda an buɗe bakin ba, da ta tsaya. Amma ga darduma cike da Larabawa, ga mutanen majalisa a gaba, Hausa ta maƙale masa a wuya. Ya daka mata tsawa da Larabci. Ba ta taɓa jin kalmar ba, tsawar kawai ta ji. Ta kwantar da ciki a ƙasa, ta cusa wutsiya, fitsari ya malalo ta ƙarƙashinta ya nufi takalmin alƙali.

Dariyar daga wajen majalisa ta fara. Yaya ya fizgi igiya sama da ƙarfi har ƙafafunta na gaba suka bar ƙasa, yana so ta miƙe dole. Alƙalin ya kai hannu, ina jin don ya sassauta mata igiyar ne. Ta ga hannu na zuwa wajen bakinta, ba wurin ja da baya, sai ta kai cafka ta kama bakin hannun rigarsa ta saki. Ko fatarsa ba ta taɓa ba.

Tsohon ya miƙe a hankali, ya karkaɗe gwiwa. Bai yi fushi da karyar ba. Ya dubi Yaya, sannan ya yi magana da muryar da ta kai har inda muke zaune.

“Wannan ba ta san hannu ba, sai sanda. Wa ya raine ta?”

Yaya ya nuna bayan igiya, inda mai ban ruwa ke tsaye rungume da jarka, ya ce lebura ne. Mutane suka juya suka kalli mutumin. Bai san me aka ce ba, sai ya ɗan rusuna ya gaishe su. Alƙali ya nuna wa Yaya ƙofa da yatsa ɗaya, ya wuce wajen karya ta gaba.

Ba mu tsaya ganin gudu ba, balle gwarzon rana. Amma kafin mu fita na bar Yaya na je wajen wanda ya ba shi karyar, na haɗiye abin da ke raina, na ce ya karɓi abarsa tunda jinin karnukansa ce. Ya ce ai kyauta ba ta komawa, kuma karyar da ta yi fitsari a gaban jama'a ba za ta shiga garkensa ta koya wa 'ya'yansa tsoro ba. Ya miƙo mini gahawa. Na gaya masa abin da zai yi da gahawar, da Larabcin da ya fi nasa tsafta, abokansa suka riƙe ni.

A wajen mota na tarar da Yaya yana kallon waya. An riga an ɗauki hoton abin mai motsi, an yanko daidai wurin fitsarin, an sa masa kiɗa, ya zagaya har ya iso zauren danginmu na waya. Ɗan ƙanenmu ya saka fuskokin dariya jere guda, wata 'yar uwa ta rubuta cewa a yi wa 'yar lele sannu. Na ce masa rantsuwa tana da kaffara, ya ciyar da miskinai a wuce wurin, kowane malami zai gaya masa haka. Mai ban ruwa ma, da bai san an ɗora masa laifi ba, ya ce a mayar da ita gona, shi zai dinga jefa mata abinci ta saman waya. Yaya ya buɗe bayan mota ya ce, da Hausa yanzu, a hankali, “Hau mota.” Ta hau.

Bai juya wajen Madina ba. Ya miƙa arewa, ya saki kwalta ya shiga wata hanyar ƙasa da ta ratsa harra. Rana ta karkata amma da sauranta, duwatsun baƙi ƙirin har iyakar gani, ba bishiya, ba tanti, ba sawun dabba. Duk hanyar ina magana. Na zage shi, na lallashe shi, na ce zan kira Inna, ya ce in kira. Na kira. Ta ce ita ba ta ce a yar ba, ba ta ce a ajiye ba, maganarta a kan faranti ce kawai, kuma mu taho da burodi in za mu dawo.

A wani fili mai tsakuwa ya tsaya, bai kashe mota ba. Ya leƙa ta taga ya ce wa mai ban ruwa ya cire mata igiya, domin igiyar sabuwa ce. Mutumin ya zare ta da zarɓa yadda ya ga ana yi. Yaya ya ce ta sauka, ta sauka. Ya ce ta tsaya, ta tsaya, a daidai tsawon hannu daga ƙofarsa, tana kallonsa. Mai ban ruwa ya yi sauri ya yanke gindin jarka da wuƙa ya ajiye mata sauran ruwan a ƙasa, ya haye baya. Yaya ya juya kan mota.

Ta tsaya kamar yadda aka ce mata har muka yi ɗan nisa. Sannan ta gane. Na gan ta a madubin gefena, ta taso, da farko sassarfa, sai ta buɗe. Ban taɓa ganin abu mai rai yana gudu haka ba. Jikinta ya miƙe ya naɗe, ya miƙe ya naɗe, ƙafafun baya na wuce na gaba, a kan duwatsun da ke yanka tayar mota. Hanyar ba ta da kyau, motar na tsalle, ita kuwa sai ƙara kusowa take, har na soma ganin harshenta. Mai ban ruwa yana fuskantarta kai tsaye daga bayan motar. Ya fara dukan rufin da tafin hannu yana kiran Alhaji, Alhaji.

Na ce Yaya ya tsaya don girman Allah. Idonsa na kan madubin tsakiya, kuma abin da na gani a fuskarsa shi ne ya fi komai tsaya mini a rai har yau. Ba baƙin ciki ba ne. Murmushi yake yi.

“Dubi gudu,” ya ce. “Dubi ƙafa, don Allah. Ina jan gemun nan yake, ya zo ya gani?”

Tayoyin gaba suka hau kwalta, ya taka totur har ƙasa.